ƘUSA A SABUWAR TAYA: ASARAR WANE NE, KUMA YAYA AKE TSIRA DA ITA?

In kaka ta yi a ƙasar Zuru, dawa ta nuna, masara da shinkafa suka shiga buhu, babu abin da mai mota ke tattali kamar ƙafafun motarsa. Lokacin ne attajiri kan ɗebi abin da ya tara tun bazara, ya aika Kontagora ko Sakkwato ko Kano a sayo masa sababbin tayoyi, don kada motarsa ta kwana a daji ranar da kasuwa ke ci. To, a ƙaddara wani falke ya yi haka. Ya biya kuɗi masu zafi, aka ɗaura wa motarsa tayoyi huɗu sababbi dal, ko 'yan tsirayen roba da ke jikinsu ba su kakkarye ba. Kwana uku tsakani, direbansa ya fito da sassafe zai tayar da mota, sai ya iske ƙafar baya ta sace, mota ta karkace kamar jakin da kaya ya goce masa. Da aka duba, sai ga kan ƙusa yana ƙyalli a tafin taya.

Nan da nan gardama ta tashi. Mai mota ya ce mai shago ya cuce shi, gama sabuwar taya ta ƙwarai ba ta yin faci cikin kwana uku, saboda haka a mayar masa da kuɗinsa. Mai shago ya ce shi taya ya sayar, bai sayar da hanya ba. Direba ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mai faci kuwa, da ke zaune a gindin dalbejiya da injin iskarsa, ya ce a ba shi minti biyar, ba sai an ko kwance tayar ba, zai cusa mata igiya ta koma kamar ba a yi ba. Kowane daga cikin mutanen nan huɗu yana da rabonsa na gaskiya, kowane kuma yana da inda ya kauce. Mas'alar ta cancanci a zauna a warware ta, domin farkonta dukiya ce, ƙarshenta kuwa rayukan fasinjoji ne.

HANYOYIN ZURU DA ABIN DA KE ZUBE A KANSU

Zuru ba ta da jirgin ƙasa, ba ta kuma bakin kogin da jiragen ruwa ke bi. Duk buhun da ya fita daga masarautar, da duk garwar manja ko turmin atamfa da ya shigo, a kan taya ya yi tafiyarsa. Kafin 1976 ƙasar tana cikin Lardin Neja, a shekarar nan aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, sa'an nan ta shiga Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991. Wannan ya sa mutumin Zuru yana da bukata ta kowace fuska. Akwai hanyar da ta bi ta Rijau zuwa Kontagora. Akwai wadda ta bi ta Dabai da Mahuta ta fita Koko, inda ta haɗu da babbar hanyar Yawuri da Jega, daga nan a nufi Birnin Kebbi. Akwai ta Maga da ke shiga ƙasar Zamfara ta Daki Takwas, ga kuma ta Ribah da ke kai mutum Wasagu da kasuwar Bena. Bayan waɗannan sai hanyoyin ƙauye marasa kwalta, waɗanda motocin hatsi ke kutsawa cikinsu har bakin gona.

Abin da ke huda taya a hanyoyin nan ba daga sama ya faɗo ba, yawancinsa hannun mutane ne ya zubar da shi. Kafinta ya ɓamɓare tsohon rufin kwano ya watsar da ƙusoshi a ƙofar gida. Masu lodi sun fasa akwatin katako a tasha sun bar shi nan da ƙusoshinsa a tsaye. An ƙona tsohuwar taya a bakin hanya, roba ta cinye, wayoyin ƙarfen da ke cikinta sun rage kamar allurai. Motar masu kwasar tsofaffin ƙarafa ta wuce tana kakkaɓe guntaye, babbar mota ta lalace an gyara ta a tsakiyar kwalta an tashi an bar notuna da duwatsun da aka tare ƙafafunta da su. A hanyar daji kuma ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa, ga tushen karan dawa da aka sare a karkace ya bushe ya zama mashi, ga tsakuwa mai kaifi ta ƙasar duwatsu.

Abubuwa uku ya kamata direba ya sani game da tarkacen nan. Na ɗaya, motoci masu wucewa suna share shi zuwa gefen hanya, saboda haka wanda ya sauka daga kwalta don kauce wa rami ko don ba wata mota hanya, ya shiga inda ƙusa ta fi yawa. Na biyu, ƙusar da ke kwance ba ta cika huda ƙafar gaba ba. Ta gaba ce ke taka ta ta tayar da ita tsaye, ta baya ta zo ta hau kan tsininta. Shi ya sa faci ya fi samun ƙafafun baya. Na uku, damina ta fi rani faci, gama ruwa yana kwaso tarkace daga lungu ya baje shi a kan hanya, yana ɓoye shi cikin kududdufi, kuma duk mai yankan roba ya san wuƙa ta fi tafiya in an jiƙa ta.

DON ME SABUNTA BA TA HANA FACI

Mai tsammanin sabuwar taya ta fi ƙarfin ƙusa bai san yadda aka ƙera ta ba. A 1844 wani mutumin Amurka, Charles Goodyear, ya sami takardar mallakar dabarar dafa roba da farar wuta, wadda ta sa roba ta daina narkewa da zafi ko sandarewa da sanyi. A 1888 wani likitan dabbobi a birnin Belfast, John Boyd Dunlop, ya ɗaura roba mai iska a ƙafafun keken ɗansa, daga nan taya mai iska ta bazu a duniya. A 1946 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da ƙirar da ake ɗaura wa taya ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin tafinta, a 1947 kuma kamfanin Goodrich na Amurka ya bayyana taya marar tib, wadda ke riƙe iskarta da kanta. Tayar ƙaramar mota ta yau ta gaji dabarun nan duka.

In aka yanka ta aka duba, sai a ga hawa-hawa ce. Daga waje akwai tafi, watau roba mai kauri mai zane-zane wadda ke taka ƙasa. Zurfin zanen sabuwar tayar ƙaramar mota ya kan kai wajen milimita 8. Ƙarƙashinsa ga ɗamarar wayar ƙarfe, sa'an nan saƙar zare wadda ita ce ƙashin tayar, can ciki kuma wata shimfiɗar roba mai laushi wadda ta maye gurbin tib. Gefen taya kuwa, watau haƙarƙarinta inda ake rubuta suna da lamba, ba shi da ɗamarar ƙarfe, roba ce marar kauri da zare, an yi shi haka da gangan don ya riƙa lanƙwasa yana shanye gargadar hanya.

To, kowace ƙafa ta ƙaramar mota tana ɗauke da nauyin buhu uku ko huɗu na hatsi, wurin da take taɓa ƙasa kuwa bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. In nauyin nan ya taru a kan tsinin ƙusa, babu robar da za ta tsaya masa, sabuwa ce ko tsohuwa. Wayoyin ɗamara ma ba bango ba ne, ƙusa tana ratsawa ta tsakaninsu. Abin da sabunta ke yi wa taya shi ne kauri: gajeriyar ƙusa ko ƙaya ta kan nutse cikin tafin sabuwa ta tsaya ba ta kai ciki ba, alhali da suɗaɗɗiya ce da ta huda ta. Doguwar ƙusar kafinta kuwa ba ta tambayar shekarun taya.

ABIN YI IN AN GA ƘUSA

Abu na farko, kada a zare ta. Robar cikin taya marar tib tana damƙe ƙusa kamar marfin kwalba, iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, wani lokaci kwana biyu ko uku kafin a ga alama. Mai gaggawar sa filaya ya zare ta a tsakiyar daji ya buɗe wa iska ƙofa da hannunsa. Sai a sami ruwan sabulu, ko miyau in babu, a shafa a kan ƙusar. In kumfa ta tashi, ta huda. In ba ta tashi ba, mai yiwuwa ba ta kai ciki ba, amma duk da haka a bar ta sai an isa wurin mai faci, a zare ta a gabansa.

Abu na biyu, a auna iska. In tayar tana riƙe da mafi yawan iskarta, a ƙara mata, a tafi a hankali zuwa gari mafi kusa. In ta sace sosai, a tsaya a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu, a tare ƙafa da dutse, a sassauta notuna tun mota tana ƙasa, sa'an nan a ɗaga ta da jak a ɗaura safaya. Siririyar safayar nan da ke zuwa da waɗansu motoci ta kai wa ga mai gyara ce kawai, kada a wuce gudun kilomita 80 a sa'a da ita. Dutsen da aka tare ƙafa da shi kuma a ɗauke shi daga hanya kafin a tashi.

Abu na uku, kada a yi tafiya a kan tayar da ta sace. Nan ne mafi yawan sababbin tayoyi ke mutuwa. Ƙusa ta yi huda ɗaya ƙarama wadda ke da magani, amma in aka ja mota a kan taya babu iska, bakin wili zai niƙe haƙarƙarinta daga ciki, zaren ya tsintsinke, roba ta zama gari. Daga waje sai a ga taya lafiya lau, ciki kuwa ta gama aiki. Tafiyar kilomita ɗaya ko biyu ta isa ta yi wannan ɓarna.

Amma akwai togiya guda. Tun daga 2021 zuwa shekarun da suka biyo baya, ɓarayin daji sun sha addabar ƙasashen Danko da Wasagu da Sakaba, kuma sananne ne a Nijeriya cewa 'yan fashi kan shimfiɗa ƙusoshi a hanya don su tsayar da mota. In faci ya sami mutum da dare a wurin da hankalinsa bai kwanta ba, balle in ƙafa biyu suka sace lokaci guda, sai ya lallaɓa a hankali har inda mutane suke, ko da tayar za ta lalace. Ana sayen taya a kasuwa, rai kuwa ba a sayensa.

WADDA KE ƊAUKAR FACI DA WADDA BA TA ƊAUKA

Masu ƙera taya a Amurka da hukumar ƙa'idojin kaya ta Ingila sun daidaita a kan sharuɗɗa kusan iri ɗaya, kuma mai faci na kirki ya san su ko da bai karanta su a takarda ba. Sharaɗi na farko shi ne wuri: huda ta kasance a tsakiyar tafi, inda ɗamarar ƙarfe take, nesa da kafaɗa. Na biyu shi ne girma: kada faɗin hudar ya wuce milimita 6, watau rubu'in inci, kamar kaurin siririn fensir. Na uku, kada sabon faci ya hau kan tsoho. Na huɗu, tayar ba a yi tafiya a kanta tana sace ba, kuma zanenta bai suɗe ya kai ƙasa da milimita 1.6 ba. In sharuɗɗan nan sun cika, albishirin mai mota: tayar da aka yi wa gyara na ƙwarai tana iya cika kwanakinta kamar 'yan'uwanta.

In kuwa ƙusa ko ƙarfe ya shiga ta kafaɗa ko ta haƙarƙari, ko aka ga tsaga, ko wani ƙulli ya taso a gefe kamar ƙwai, to tayar ta tashi daga aiki ko da jiya aka saye ta. Dalili kuwa a fili yake. Kewayen tayar ƙaramar mota wajen mita 2 ne, saboda haka tana juyawa wajen sau 500 a kowace kilomita, kuma a kowane juyi haƙarƙarinta sai ya lanƙwasa ya miƙe. Tafiyar kilomita 100 lanƙwasa 50,000 ke nan. Babu facin da zai jure wannan, kuma facin wuta da ake dannawa a gefen taya iska kawai yake riƙewa, ba ya ɗinke zaren da ya tsinke.

Gyara na ƙwarai kuwa sai an cire tayar daga wili. Mai faci ya duba cikinta da ido da hannu, ya ga ko akwai garin roba ko tsinkakken zare. Sa'an nan ya zare ƙusar, ya share hanyar da ta bi, ya kankare wurin daga ciki, ya shafa sholisho ya bari ya sha iska, ya sa faci mai siffar laima: ƙafar laimar ta cika ramin tun daga ciki har waje, kanta kuma ya manne a ciki ya rufe iska. Abu biyu ke nan ake bukata tare, toshe rami da rufe ciki.

Igiyar roba mai danƙo da ake cusawa daga waje da basilla, wadda ake gamawa cikin minti biyar, tana da amfaninta: ta fitar da matafiyi daga daji ta kai shi gari. Amma mai cusa ta bai ga cikin tayar ba, bai san ko haƙarƙarinta ya niƙe ba, kuma ta kan sassauta da daɗewa. Faci daga ciki kaɗai, ba a toshe ramin ba, shi ma da sauransa, gama ruwa da laka suna bin ramin su isa wayoyin ɗamara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wayoyin su yi tsatsa, tafi ya fara rabuwa da ƙashin taya, wata rana ana cikin gudu ya ɓalle. Haka kuma zura tib cikin taya marar tib don a huta da gyara ya rufe iska ne kawai, ramin yana nan a buɗe.

ƊAN HAKIN DA AKA RAINA

Haɗarin ƙusa ya fi yawa a inda ba a lura da ita ba. Taya tana rasa iska sannu-sannu, direba bai sani ba, ga kaya an lafta, ga fasinja, ga zafin kwalta na watan Maris da Afrilu. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa fiye da kima, lanƙwasa tana haifar da zafi, zafi yana raba roba da waya, ƙarshenta sai fashewa. Ba ƙusa kaɗai ke fasa taya ba, amma abin da fashewarta ke jawowa kowa ya gani ranar 6 ga Maris, 2016, sa'ad da Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta bayyana cewa tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu, aka taka birki da ƙarfi, mota ta wuntsula.

Saboda haka in taya ta fashe, direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya hana ƙafarsa zuwa ga birki, ya ɗaga ta daga totur a hankali, ya bar mota ta rage gudu da kanta, sa'an nan ya taɓa birki sannu ya gangara gefe. Kafin a kai ga haka kuwa, rigakafi ya fi magani. Kowace safiya a kewaya mota a dubi ƙafafunta. Kowane mako biyu a auna iska da geji, da safe tun taya tana da sanyi, har da safaya. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35 a gejin mai faci. Bugun taya da sanda ko da ƙafa ba awo ba ne. In ƙafa ɗaya ita kaɗai take ta rage iska, to a nemi ƙusa.

ASARAR WANE NE

Sai a koma ga gardamar falke da mai shago. Malaman Malikiyya, kamar yadda ɗalibi ke karantawa a babin ciniki na Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani da Muhtasar na Shehu Halilu, sun raba aibi gida biyu. Akwai tsohon aibi, wanda ke jikin haja tun tana hannun mai sayarwa, mai saye bai sani ba. Shi ke ba mai saye zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Akwai kuma sabon aibi, wanda ya auku bayan haja ta shiga hannun mai saye, lamuninsa kuwa yana kan mai saye. Ƙusar da taya ta taka a hanyar Mahuta sabon aibi ce ba shakka. Kamfanonin taya ma a kan haka suke: alkawarinsu ya tsaya ga kuskuren ƙira, bai shafi abin da hanya ta yi ba. A nan mai shago ya yi gaskiya.

Amma fa ba kowace taya mai sheƙi ce marar tsohon aibi ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, tayoyin Nijeriya daga ƙetare ake kawo su, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara musu tsada. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta sha kama tayoyin da aka cusa wata cikin wata, har huɗu ko biyar a ƙunshi guda, don a rage kuɗin jirgi da na kwastan. Cusawar nan da zarowa tana lanƙwasa wayar bakin taya tana raunana haƙarƙarinta. Irin wannan taya ta kan yi yoyo ta bakin wili ko ta yi ƙulli ba tare da ta taka kome ba, wannan kuwa tsohon aibi ne, mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Haka wadda ta tsufa a ajiye. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2324, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2024. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana yi wa masu mota gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, saboda haka mai saye ya karanta lambar tun bai biya ba, ya kuma karɓi rasit. In tsohon aibi da sabo suka haɗu a taya guda, malamai sun ba mai saye zaɓi: ya riƙe a rage masa gwargwadon tsohon, ko ya mayar ya biya gwargwadon sabon. Masana sana'ar su ake kira su duba su ƙimanta.

Direba kuwa amintacce ne a kan abin da aka damƙa masa, ba a ɗora masa asara sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Taka ƙusa ba laifinsa ba ne. Amma in ya ji mota tana ja gefe, wuri kuwa amintacce, safaya tana nan, ya ƙi tsayawa don ƙiwa ko don ya riski lodi, har ya niƙe tayar, to ya fita daga tsautsayi ya shiga sakaci. Mai mota shi ma kada ya zargi kowa in ya tura direba hanya babu safaya mai iska, babu jak, babu sifana. Mai faci kuma mai sana'a ne, masu sana'a kuwa a mazhabar Maliku suna lamunin abin da aka bar musu. Wajibinsa ne ya faɗi gaskiya in taya ta wuce gyara, ko da faɗin zai hana shi kuɗin aikin ranar. Wanda kuma ya yi wa taya faci a haƙarƙari, ya shafe ta da baƙin fenti ya kai kasuwa bai bayyana ba, ya yi algus, kuma algus ɗin da ke iya kashe mutane.

SAURAN MUTUM NA BIYAR

Cikin gardamar nan akwai wanda ba a kira ba, shi ne wanda ya zubar da ƙusar. Malamai sun ɗora lamuni a kan duk wanda ya ajiye abin cutarwa a hanyar jama'a inda ba shi da haƙƙin ajiyewa, rashin gane shi kuwa ba ya sauke masa nauyi. Ɗauke ƙaya ko ƙarfe daga turba kuma aiki ne da ake fatan lada a kansa, ba sai an tuna wa masu karatu ba.

Maganin bai kai kuɗin taya guda ba. Kafinta ya tara tsofaffin ƙusoshinsa a gwangwani, masu sayen tsohon ƙarfe za su ba shi kuɗi a kansu. Mai gini ya share ƙofar gininsa kowane maraice. Shugabannin direbobi su sami maganaɗisun tsohuwar lasifika su ɗaura masa igiya, yaron tasha ya ja shi a filin lodi kowace safiya. Duk wanda ya gwada haka ya kan yi mamakin abin da ke manne masa. Sarkin kasuwa ya hana fasa akwatuna a mashigar motoci, masu unguwanni su hana ƙona taya a bakin kwalta. Attajirin da ya sayi sababbin tayoyi kuwa ya ƙara kaɗan ya sayi geji da famfon ƙafa ya ajiye a mota, ya kuma san mai faci guda a kowace hanya, ta Rijau da ta Mahuta da ta Maga da ta Ribah, wanda ba ya ƙyashin cire taya daga wili ya dubi cikinta.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya. Wassalam.